Gawon Garkar Yaya Idi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Idi, Allah ya jiƙansa. A irin wannan lokaci ya tafi, ɗari yana naɗe tabarmarsa, bazara ba ta kankama ba. Da asuba mutum ya nemi bargo, kafin hantsi ya nemi inuwa.

Idi manomin albasa ne a fadamar Tabotaki. A tsakiyar garkarsa akwai wani tsohon gawo, da shi yake gane lokaci. Idan 'ya'yan gawon suka yi ja suka fara zuba, awaki suna rububi a bakin shinge, sai ya ce sanyi ya ƙare, a rage wa albasa ruwa ta kwantar da wuya ta yi ƙwari.

Bana na zauna a gindin gawon ina kallo. Bedi, wato dogon yaro, ya yi fure da wuri, ƙamshinsa ya cika gari alhali muna jin ɗumin kara da safe. Ruwan rijiya ya ja baya tun albasa ba ta sa kai ba. Da Idi zai leƙo, ban san da wace alama zai yi aiki ba.

Ɗansa Salisu, wanda garkar take hannunsa, ya samo fano, farantin nan mai jawo ruwa da hasken rana. Sai dai inuwar gawon ta rufe wurin. Ya same ni ya ce, "Baba, iccen ga shina tare muna rana. In ba a sare shi ba, albasa ƙonewa za ta yi. Kai na uba yanzu, abin da kac ce shi za a yi."

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Iyali ne a wuyansa, ni kuwa ƙarfin jan guga ya bar ni. Na ce ya sare.

Ranar ban je ba, daga gida na ji faɗuwarsa. Da la'asar Salisu ya zo ya durƙusa gabana.

Albasa ta sha ruwa, ta tashi. Inuwa ta tafi, kuma ba zan ga wata irinta ba. Abin da ya rage mini na Idi shi ne ɗan da ya nemi izini kafin ya ɗaga gatari. Da wannan nake haƙuri. Allah ya kai haske kabarinsa.