Yayata da mai maganin tashar Magama

Yayata, ɗiyar baffana, ta haura talatin a lokacin, amma tsawonta bai wuce na 'yar firamare ba. Wuyanta gajere ne mai faɗi, ƙirjinta bai fito ba, kuma ba ta taɓa ganin al'ada ba. Tun tuni likita a Katsina ya yi mata bayani cewa da haka aka haife ta: cikin ƙwayoyin halitta biyu da mace ke gada, ɗaya ce kawai ta zo mata cikakkiya. Ba asiri ba ne, ba laifin kowa ba. Ta karɓa, ta ci gaba da saro atamfa da turare daga Maraɗi.

Wata rana na raka ta. Muna jiran mota ta cika a Magama, kusa da shingen iyaka, wani mai magani ya baza kwalabe a kan buhu yana ta zuba da lasifika. Cikin taron akwai maƙwabciyarmu, wadda ba ta fashin cin tuwon gidanmu. Na ga ta matsa ta raɗa masa wani abu.

Sai ga shi ya nufo mu. Ya kama hannun Yaya ya ɗaga, ya shaida wa jama'a cewa wannan ba yarinya ba ce, aljani ne ya aure ta ya shanye mata jini. Yana magana yawu na fantsama a mayafinta, jikinsa na tashin tsamin jiƙo da gumi. Har ya kai yatsa zai taɓa fatar wuyanta. 'Yan kabu-kabu suka kashe babura suna dariya, wani dattijo mai furfura ya ciro waya yana ɗauka.

Yaya ta zare hannunta a hankali.

"Malam, na san abin da ke gare ni, kai ne ba ka sani ba. Kar ka ƙara taɓa ni."

Ta shiga mota, na bi ta. Da muka tsallaka iyaka, sai ta roƙi ruwa ta wanke hannun ta taga.

Da muka dawo, maƙwabciyar ta shigo da sallama tana cewa taimako ta yi nufi. Yaya ta amsa mata, har ta ba ta tabarma. Ni dai na ɗauke kwanona na fita, kuma ban sake cin abinci inda take zaune ba.