Sarƙar ƙanƙara a taɓon Badagishiri

Jama'a, yau sarƙar ƙasar Turawa ta fisshe mu daga taɓo!

Da hantsi aka kira ni: maciji ya sari Kawu Isaka a gona. Na ɗauko kat-kat, motar da yayana Sani ya aiko daga Turai, muka sa Kawu a baya, Inna ta riƙe mai ƙafa. Muka nufi gidan likita a Illela.

Ruwan jiya ya jiƙa kwarin da ke kan hanya sharkaf. Muna shiga, mota ta nutse. Taya na juyawa, ba ta gaba ba ta baya. Manoma suka tura, a banza. Ƙafar Kawu kuwa sai kumbura take yi.

Na kira Sani. Ya ce, "Buɗe baya, akwai jar jaka."

Na ce, "Sarƙoƙin nan? Ai Inna ta so ta ɗaure rago da su."

Ya ce, "Na ƙanƙara ne, amma suna kama laka. Kunna bidiyo in gwada maka."

Na shimfiɗa su, na zagaya tayoyin, na maƙala ƙugiya, hannu duk taɓo. Ya ce in taka a hankali. Mota ta yi gurnani, ta ciji ƙasa, sai ga mu bisa tudu! Inna ta fashe da kuka.

An yi wa Kawu allura, likita ta ce mun zo kan lokaci, alhamdulillahi. Da ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wa ya ɗauko mani hauyata?"