Telan da Ya Zana Matarsa da Allura

A layin teloli na kasuwar Malumfashi babu mai kyan hannu kamar Maharazu, babu kuma mai saɓa alkawari kamarsa. Ka kai ɗinki da damina, ka karɓa da kaka. Mutane suka ce lalaci ne. Lalaci? Wallahi ba su san komai ba!

A shekarar 1964 matarsa Lauratu ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Amininsa Mudi kuwa shi ke yawo da majigin aikin gona ƙauye-ƙauye, yana nuna wa manoma feshin auduga. Fim ɗin majigi gida-gida yake, kowane gida hoto ɗaya ne da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma akwai baƙin ɓangare da Mudi kan yanke ya zubar. Wata rana Maharazu ya tsinci guntu, ya karce shi da allura, ya ɗaga wa rana. Sai ga farin layi tas.

"Mudi, in na zana mutum a kowane gida, zai motsa?"

Mudi ya ce, "Zai motsa mana. Amma gida ashirin da huɗu ne daƙiƙa ɗaya. Ka haukace ne?"

Maharazu ya kwashe guntayen ya cusa a aljihu.

Shekara uku bawan Allah nan yana duƙe a bayan keken ɗinkinsa, yana zana Lauratu tana shiƙar dawa, gida bayan gida. Bai taɓa ganin zanen ya motsa ba, don ba shi da inji. Ana cikin haka idonsa ya fara dushewa. A asibiti aka ce masa ya ajiye allura ko ya makance. Ya ajiye ta ɗinki, ya riƙe ta zane. Tsoronsa ɗaya ne: kada ido ya tafi kafin ya ga ta motsa.

Da ya gama, Mudi ya liƙe guntayen, ya saci jiki da majigin ba da sanin ofishin aikin gona ba, ya kai shi wani siton auduga a Funtua. Rana tsaka suka toshe tagogi da buhuna. Mutum shida ne kacal. Cikinsu har da Inna Kulu, mahaifiyar Lauratu, wadda aka ɗauko daga Maska tana ta mita, wai an raba ta da aikinta don shirme.

Inji ya tashi. A bango fararen layuka suka yi rawa, suka haɗu, sai ga mace tsaye! Ta ɗaga ƙwarya sama, ta karkatar da kafaɗar hagu, ƙaiƙayi ya bi iska, ta goge goshi da bayan hannu. Mudi ya saki baki, ya manta da injinsa.

Inna Kulu ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Lauratu ce! Haka take yi da kafaɗar nan tun tana yarinya!"

Maharazu shi ne ya fi kowa kusa da bango, amma haske kawai yake gani yana makyarkyata. Mutumin da bai taɓa iya haɗa ido da surukarsa ba ya lallaɓa ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ta motsa?"

Tsohuwar ta dube shi, ta gane, hawaye suka zubo mata. "Ta motsa, Malam."

"Alhamdu lillahi. Mudi, sake sakawa. Inna, ki riƙa gaya mini abin da take yi."