Baba Alƙali, Ka Tafi Da Hukuncin Malum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, takwas ga watan Mayu na 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Mai Shari'a Mukhtar Abbo, alƙali a kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa, a gidansa da ke Pumpumre. Ya idar da salla, ya ce wa matarsa Hajiya Zenaba ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a kan darduma, shi ke nan. Ina ofis aka bugo mini. Tun azahar hadari ya haɗo ta wajen kogin Binuwai, gari ya yi duhu, iska ta tsaya cik, ruwan kuma bai sauka ba har aka kai shi makwancinsa.

Baba Alƙali, ni ce Kaltuma, lauyar nan da kake tsokana da Metir Barkono, Metir kuwa laƙabin lauya ne da Faransanci. Na daɗe ina tsayawa a gabanka, kuma ko ranar da na sha kaye ba na fita hannu rabbana. Ƙarar farko da na ɗaukaka, rikicin rumfar kifi ne tsakanin Madeleine, wadda mijinta ya rasu, da ƙannen mijin. Na zage na yi ta sababi a kan alƙalin da ya yi hukuncin farko, na wanke shi tas. Ka bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ka cire tabarau ka ce, "Metir, wanda kike faɗa da shi ba ya nan. Nuna mana inda ya yi tuntuɓe, mu kau da dutsen." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Madeleine ta samu rumfarta. Ranar sadakar uku na gan ta a cikin mata tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar.

Ba ka taɓa soke hukuncin mutum ka haɗa da mutuncinsa ba. Thierry, matashin alƙalin da aka turo daga kudu, ya ba ni labari da bakinsa cewa bayan ka rushe masa wani hukuncin gado, kiransa ka yi gida, aka gasa kifi, ka zaunar da shi ka warware masa yadda ake rabon gado a Musulunci, har da dariya. A watannin zafi kuma, in aka kawo ɗaurarru daga gidan yari, ba ka fara tambaya sai an ba su ruwa. Cewa kake mai ƙishirwa zai amsa ko wane laifi don a ƙyale shi ya zauna.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci tun da ka tafi ba, Baba. Maganar Malum ce.

Malum manomi ne a wani ƙauye can bayan Figil. Masu garkuwa da mutane suka ɗauke yayan matarsa, suka ce a kai musu fansa daji, kuma duk wanda ya kai magana gun hukuma, gidansu za a dawo. Surukinsa, tsoho mai shanu, ya sayar da abin da ya sayar, ya ɗora wa Malum kai saƙon. Ya kai, aka sako mutum. Daga baya jandarmomi suka kama ɗaya daga cikin ɓarayin, ya ce ya san Malum, shi ke kawo musu kuɗi. A kotun farko aka yi ta tambayarsa wa ya aike shi, ya sunkuyar da kai ya yi gum. Aka ɗauki shirunsa a matsayin rufa wa abokan ta'asa asiri, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Lokacin da matarsa Halime ta kawo mini maganar, na je na same shi. Ya gaya mini komai, amma ya sa na yi alkawari ba zan ambaci tsohon ba. A al'adarsu mutum ba ya kama sunan surukinsa ko a ɗaki, balle ya ja shi gaban alƙali ya tsaya ana yi masa tambaya kamar ɓarawo. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce kunya ba ta buɗe ƙofar kurkuku, duk a banza. Lauya kuwa ba ya wuce inda mai ƙara ya tsayar da shi. Haka na shigo zaurenka da hannuwa a ɗaure.

Ku uku ne a kan kujerun ranar, kai ne a tsakiya. Mai gabatar da ƙara ya sake jefa tambayar nan, Malum ya sake sunkuyawa. Ka daɗe kana kallonsa. Sai ka ajiye Faransanci, ba ka jira tafinta ba, ka ce masa da Fulatanci, "Ɗana, sunan ne ba ka sani ba, ko bakinka ne ba zai iya ɗaukarsa ba?" Ka ce, "Uban matarka ne?" Hawaye suka zubo masa. Kotu da kanta ta kira tsohon, don kada a ce Malum ne ya ja shi. Ya zo yana dogara sanda, ya ce shi ya aike shi, kuma in akwai laifi a ceton ɗa, to shi za a ɗaure. Aka rufe sauraro, ka sa ranar karanta hukunci, ashe za ta faɗo a makon da ya biyo bayan rasuwarka.

Ban san abin da kuka shirya yankewa ba, kuma ba zan yi maka ƙarya a kabari in ce na sani ba. Abin da na sani shi ne ƙa'idar aikinmu: alƙalan da suka saurari shari'a su ne kaɗai za su yanke ta. In ɗaya ya faɗi, sai a kwance komai, a sake zama daga farko da sabon alƙali. Magatakarda ya sanar da ni an yi hakan. Maganar tsohon tana nan a rubuce, amma mai gabatar da ƙara ya riga ya ce suruki zai iya faɗin komai don ya ceci mijin 'yarsa, kuma zai nemi a dawo da shi ya yi masa tambayoyi a gaban sabon zama.

Ga kuma abin da ya biyo bayan shaidar. An wayi gari rumbun tsohon ya ƙone ƙurmus. Ba a ɗauki ko akuya ba. Baƙi a kan babura sun bi ta ƙofar gidan suna tambayar inda jikokinsa ke kiwo. Shi ya sa ni ma ban rubuta sunansa ko sunan ƙauyen a nan ba. A wajen zaman makokinka na ji ana ƙus-ƙus, wai mutuwarka ta zo a kan gaɓa. Na ce su ji tsoron Allah, ajali ne, likita ya daɗe yana yi maka kashedi a kan zuciyarka. Amma wallahi, Baba, na san akwai waɗanda suka ji labarin suka yi hamdala, kuma wannan yana ci mini rai.

Jiya na je gidan yari na gaya wa Malum. Ya yi salati, ya tambaye ni ko an samu jama'a a jana'izarka. Na ce har titi ya cika. Na fara yi masa bayanin sabon zama, da cewa dole tsohon ya sake zuwa, sai ya ɗaga mini hannu. Ashe Halime ta riga ta ba shi labarin rumbun.

"Metir, wancan karon alƙali ne ya kira shi, ba ni ba," in ji shi. "Kada a sake taso shi. In ya ce zai zo, ki ce ni na hana. Ni ina nan, ina cin abinci. Yaran kuwa a fili suke kwana."

Na tattara takarduna na fito.

Allah ya jiƙanka, Baba Alƙali, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sauƙaƙa maka tsayuwa a gabansa kamar yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa tsayuwa a gabanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zenaba, da ɗanka Walid da ƙannensa, da abokan zamanka a kotu, da mutanen Pumpumre baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen. Ina kuma roƙon duk wanda ya ɗaga hannu zai yi maka addu'a ya sa Malum da iyalinsa a ciki. An sa sabon zaman bayan Babbar Salla, kuma zan tsaya a gaban alƙalin da bai san shi ba, ba ni da shaida ko ɗaya, in roƙe shi ya gaskata mutumin da ba zai buɗe baki ba.