Ciyawar da Shimoji Ya Ƙi Yi wa Aski

Duk tsibirin Miyako babu wanda ya kai Shimoji sanin inabin teku, ciyawar nan mai 'yan ƙwayoyi kore, kuma babu wanda ya kama ƙafarsa a taurin kai. Tun yana saurayi yake nomanta a kududdufan siminti bakin gaɓa, shi da matarsa Nabe. Da gwiwa ta fara gardama suka sayar da wurin, ya kafa tankin gilashi a falo: kifaye a sama, ƙaramin tanki a ƙasa cike da irin ciyawarsu, tana tace wa kifayen ruwa.

Ita kuwa wannan ciyawa ba a sakar mata fuska. In ta cika ba a rage ta ba, sai ta yi fari ta narke, ta ɓata ruwan gaba ɗaya. Nabe ce mai yi mata aski. Takan cika kwano su ci da ruwan tsami, tana mita: "Kai dai tsoho, kallo ka iya."

Da Nabe ta rasu, Shimoji ya jefa almakashin a aljihun tebur. Ciyawa ta samu sake, ta cika tankin maƙil.

Karimata, abokinsa tun na ƙuruciya, ya leƙo wata rana ya ga abin.

"Kai, Shimoji, wannan dajin fa? Aljanu kake kiwo?"

"Bar ta."

"Ka fi ni sanin halinta. Miƙo almakashi, in hannunka ne ke rawa."

"Daga inda Nabe ta yanke take tohowa," in ji Shimoji. "Ni kuma in bi in yanke?"

"To ai sai ka saya mata mataji."

Shimoji bai yi dariya ba. Mutumin da ya koya wa rabin ƙauye cewa ciyawar da ba a yankawa ba ta kwana biyu, shi ne yau ya toshe kunne, yana sane.

Wata rana ya dawo daga kasuwa ya tarar da ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa. Kifaye sun yi rigingine. Ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙaramin tankin yana laluben ko tsiro ɗaya kore, amma duk abin da ya kamo sai ya narke masa tsakanin yatsu. Nadama ta kama shi, irin wadda ba ta da wanda za a ɗora wa laifi.

Washegari Karimata ya zo da bokiti cike da sabuwar ciyawa daga kududdufin ɗansa, kore shar, ta ma fi waccan kyau.

"Ungo. Iri ɗaya ce, ko kai ba za ka bambance ba."

Shimoji ya leƙa cikin bokitin.

"Na gode," ya ce. "Sai dai wannan ba ta san Nabe ba."