Ɗakin da Kawu Ya Liƙe

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, gida ya yi wuya a Birnin Kebbi, sai ni da maiɗakina muka tare a tirelar kwana da masu aikin hanya suka bari. Tana da wani ɗaki da ake turowa waje kamar aljihun tebur, kuma ta mahaɗinsa tsinannen yoyo ya addabe mu. Na shafa kwalta har na gaji. Kawuna mai gyaran kwalekwale ya zo daga Argungu, ya liƙe ƙasan ɗakin tsaf, har ramukan magudana.

"Ɗana, ko ɗigo ba shi wucewa," in ji shi.

Bai yi ƙarya ba. Ruwa ya shigo ta sama ya rasa mafita, muka tsaya cikinsa har idon sawu.