Ɗorawar Inna

Gonarmu tana bayan ganuwa, tafiyar rabin sa'a a keke daga gidanmu na Sheshe. Gonar tamu ce, mu 'ya'ya, amma ɗorawar da ke gefenta na gabas ta Inna ce ita kaɗai. Ranar da kakanmu, mahaifin Inna, ya ba Baba gonar, ya ware bishiyar ya ce ta 'yarsa ce. Duk bazara a kawo mata kwanduna, ta fasa, ta ware kalwa ta yi daddawa, garin ta ba jikoki su lasa har bakinsu ya yi rawaya.

A shekarar da nake magana, na dawo gida hutu daga aikin tafinta a ƙasashen waje, da kyamara rataye a wuya. Yayana, wanda shi ke noma gonar tun rasuwar Baba, ya ce gobe bayan magariba za a ƙona shara, ga hadari ya fara leƙowa.

Na ga yadda ake ƙona gona a wurare da yawa. A Sudan na ga an cinna wa karan auduga wuta har sama ta yi ja. A Masar hayaƙin tattakar shinkafa kan rufe gari. Mu a Kano ba ma yin wannan ɓarna. Kara na danga ne da murhu, harawa ta dabbobi ce. Tushiya da ƙaya kawai ake tarawa tsibi-tsibi a ƙona, kuma da dare, saboda iska ta kwanta, ido kuma yana ganin inda tartsatsi ya faɗa. Na yi wa Yaya duk wannan bayani a hanya, kamar ba shi ya koya mini ba.

"To Bature, mun ji," ya ce. Ya saro ɗanyen reshen darbejiya ya miƙo mini. "Aikinka ɗaya ne. Ka tsaya gindin ɗorawar Inna. Akwai sauran harawa da na jibge a rassanta, ta bushe ƙayau. Ko tartsatsi ɗaya ka gani, buge shi. Bana ta yi 'ya'ya, jibi za a zo da ƙugiya a kaɗe."

"Yaya, ni da na tsallaka teku, tsaron bishiya zai gagare ni?"

"Teku ba ya cin harawa. Tsaya nan."

Na tsaya. Ya bi tsibin ɗaya bayan ɗaya yana cinnawa. Da wuta ta kama sai gonar ta zama wani abu da ban taɓa gani ba, jajayen fitilu a jere cikin duhu, Yaya yana ratsa su da manjagara a kafaɗa. Daga gindin bishiya hoton ba ya fita. Na jingine reshen, na ce minti biyu ne. Na zaga har bayan surin da ke iyakar yamma, na durƙusa, na sa ido a kyamara.

Ta cikinta na ga harawar ta kama. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, ban tashi nan take ba. Bishiyar ta haskaka tun daga ƙasa har ƙoli, 'ya'yanta na lilo cikin wuta, sai da na danna sau biyu sannan na ruga.

Mun watsa ƙasa har farcenmu ya fashe. Ba ta yi amfani ba. Yaya bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. A hanyar gida ya ce, "Iska ce ta juya. Ka ji ko? Kana gindinta, iska ta fi ƙarfinka." Haka ya gaya wa Inna. Ta yi salati, ta ce ƙaddara ce, ta kama hannuna tana duba ko na ƙone. Har man shanu ta shafa mini.

Damina ta zo ta wuce, ɗorawa ba ta yi toho ba.

Kafin in koma bakin aiki na kai fim ɗin aka wanke. A ciki akwai hotunan sunan 'yar ƙanwata, don haka na miƙa wa Inna ambulan ɗin gaba ɗaya, ban tsaya tsincewa ba. Tana zaune a tabarma tana dariyar ɗaurin ɗankwalin wata, sai ta zo kan hoton ɗorawar tana cin wuta. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo.

"Wannan surin yamma ne," ta ce.

"Shi ne, Inna."

"Daga bayansa aka ɗauka."

Ta ɗago ta dube ni.

"Yayanka ya ce kana gindinta." Ta mayar da hoton cikin ambulan, ta gyara bakinsa da yatsa. "Ya yi kyau. Ka iya."

Daga ranar ba ta sake ambaton bishiyar ba, ba ta kuma sake yin daddawa ba. Mun sayo mata kalwa a kasuwa, ta bayar da ita. Yaya ya fi ni shan wahala, domin ni sakarci na yi, shi kuwa ƙarya ya yi mata, kuma saboda ni. Har ta rasu, in ya ba ta labari sai ta ce, "Haka ne, ko haka ka ce?"

A ƙasar da nake aiki wani abokina ya ga hoton, ya roƙe ni in bari a ƙara masa girma ya rataye a falonsa. Ya tambaye ni sunan wannan biki. Na iya harshensa sosai, amma na ce ban san yadda ake faɗinsa ba.

Gonar yanzu gidaje ce. Hoton yana cikin akwatina, ƙarƙashin tsofaffin fasfo. Na ɗauki dubbai bayansa a ƙasashe da dama, babu wanda ya kama ƙafarsa a kyau.